Ƙananan Duwatsu a Bayan Ƙofar Ƙarfe

Ɗana na biyu bai daɗe a duniya ba. A wani asibiti a Manchester na haife shi, cikin hunturu. Ya yi kuka na ji da kunnena, aka ɗora mini shi a ƙirji, daga baya aka ɗauke shi zuwa wani ɗaki mai injuna. Ranar da ya koma ina kwance da ɗinki a ciki, ko zama ba na iya yi sai an tallafe ni. Maigidana da wasu mutane daga masallacin unguwarmu su suka karɓe shi, suka yi masa wanka da sallah, suka kai shi. Ban tambayi inda suka kai shi ba. A garinmu mace ba ta bin gawa, ba ta taka maƙabarta. Innata ta rasa 'ya'ya kafin ni da bayana, ban taɓa jin ta ce ga inda suke kwance ba.

Da na dawo gida matan unguwa suka zo gaisuwa, matan likitoci da matan ɗalibai irina, kowacce da kular abinci. Suka ce sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye. Na ce amin. Wata dattijuwa a cikinsu ta riƙe hannuna ta ce kada in yawaita kuka, ba shi da kyau ga wanda ya tafi. Sai na daina yi a gaban mutane. Nono ya cika ya yi tauri, ya ɓata mini riguna, daga baya ya ƙafe don kansa.

Muna zaune ne a unguwar Longsight, a flat ɗin da ke saman wani shagon nama. Maigidana malamin makaranta ne a gida, aka turo shi ƙarin karatu. Ni firamare kawai na gama, Turancina na kasuwa ne da na wajen GP, likitan unguwa. Da safe ya tafi uni, wato jami'a, ya bar ni da 'yarmu ta fari, wadda a lokacin bakinta ya buɗe sosai amma ba ta isa makaranta ba. Da can akwai wani gidan wasan yara na council, wato ƙaramar hukuma, da muke zuwa, ita ta yi wasa, ni in tsinci magana a bakin sauran iyaye. To shekarun nan ne da gwamnati ke ta rufe abubuwa don rage kashe kuɗi. Ranar da muka koma bayan na samu sauƙi, sai muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa duba ni ta ce da akwai taron mata waɗanda suka rasa jarirai, amma shi ma an tsayar. Tana faɗa tana ba ni haƙuri kamar ita ta rufe.

Na zama matsoraciya. In za mu tsallaka titin Stockport Road, riƙon da nake yi wa yarinyar sai ya bar shatin yatsuna a wuyan hannunta. In ta yi tari na tsaya cak. In ta yi shiru a ɗaki na yar da ludayi na ruga. Amma ba wannan ne ke cin raina ba. Karatun maigidana ya zo ƙarshe, da kaka za mu koma gida. Za mu hau jirgi mu bar yaron a ƙasar nan, ni kuwa ban san ko a gabas yake ko a yamma ba. In bas ta wuce wani fili mai katanga sai in leƙa ta taga. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaya, kunya ta rufe shi. Shi ma bai taɓa tada zancen ba, har na ɗauka ya ajiye shi ne ya wuce.

Yayar maigidana tana Handsworth, a Birmingham. Nas ce, ta daɗe a ƙasar, 'ya'yanta duk sun girma. Ita ta bugo masa waya wata rana da bazara, ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Turo min su su yi kwana biyu. Ka bar yarinya tana kallon bango, kai kana can kana kallon kwamfuta. Da ganin hotonta na san ba ta ci."

"Tana ci, Yaya."

"Kai ka gani? Ka san ma ina tukunya take a gidan?"

Haka muka hau babbar bas, ni da yarinyar. Washegari Yaya ba ta da aiki, ta ce mu shirya za ta kai mu shan iska. Ta tuƙa mu a ƙaramar motarta har gidaje suka ƙare, muka shiga hanyar da bishiyoyi suka rufe ta. Ta ce gidan wasu masu arziki ne na da can, zuriyarsu ta watse, yanzu kowa na iya shiga lambun.

Ƙofar na fara gani. Ta ƙarfe ce, ta fi tsayin mutum biyu in ɗaya ya hau kafaɗar ɗaya. Maƙwabcinmu a gida maƙeri ne, na taso ina ganin ana dukan ƙarfe ya zama fartanya da lauje, amma ban san ana iya sa shi ya nannaɗe kamar yaɗon kabewa ba. Ga ganye, ga fure, ga wasu 'yan ƙaho-ƙaho da suka murɗe suka sake murɗewa, duk na ƙarfe. Baƙin fentin ya ɓaɓɓare, tsatsa ta fito ja a ƙarƙashi. A kan ginshiƙan dutse na dama da hagu wasu dabbobi ne a tsugune, jikin zaki da bakin tsuntsu, ruwan sama ya cinye musu fuska har idanun sun zama ramuka. Na ja yarinyar jikina, na fara karanta addu'ar da ake yi in za a shiga kango.

Yaya ta juyo. "Me kike karantawa? Lambu ne fa, ba kufai ba."

"Yaya, gidan da masu shi suka tafi ai ba ya rasa masu zama."

"Masu zaman ai 'yan council ne. Su ma sun gudu, ba ki ga ciyawa ba? Shige mu je, baƙauyiya."

Na yi dariya don ta yi, amma sai da na ƙarasa addu'ar.

Ban taɓa ganin lambu irinsa ba. Duk girmansa babu ko tushen albasa. Komai a miƙe yake, kamar da igiya aka auna. An aske shinge ya zama bango, an raba fili gida-gida, kowane da hanyar tsakuwa a tsakiya. Sai dai askin ya kwana biyu, reshe ya tsittsiro ta ko'ina. Yaya ta ce da ma'aikata ne da yawa, yanzu an sallami kusan duka, tsofaffin unguwa ne ke zuwa taimako don Allah.

Daga gidan ake saukowa ta wata faffaɗar matakala ta dutse. Kowane tsani ya lotsa a tsakiya, ya yi santsi kamar bakin turmi. Na tsaya ina kallo. Ƙafa ce ta yi wannan, ƙafar mutanen da babu ko ɗaya a cikinsu yanzu. Na bi ta gefe inda dutsen bai cinye ba, ban yarda na sa tawa a gurbin tasu ba. A gefen matakalar an jera 'yan gajerun ginshiƙai masu ciki kamar tuluna, a ƙarshen kowane layi kuma ga wata babbar randa ta dutse da murfinta, an sassaƙa mata mayafi ya zubo ta kafaɗa. Na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa. Ba ta amsa ba, dutse ce har ciki.

"Randar da ba ta ɗaukar ruwa, Yaya, ta mece ce?"

"Ta ado. Wasu sun ce irin wadda suke zuba tokar mamatansu ce ake kwaikwayo."

Na goge yatsana a mayafi.

A tsakiyar wani fili akwai dutse tsaye iya ƙugu, da farantin tagulla a kansa da wani ƙarfe mai kaifi a karkace. Yaya ta ce agogo ne, inuwa ke nuna lokaci. Ranar kuwa hadari ya rufe sama, babu inuwa ko kaɗan. Ta dube shi ta ce, "Wannan a ƙasar nan ai ya fi kowa hutawa." Ta ɗaga yarinyar ta taɓa lambobin.

Daga nan muka iso wani tafki. Zagayayye ne, an yi masa baki da dutse, ruwan ya janye saura kore a ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. A tsakiya wani yaro ne na dutse, tsirara, ya rungume kifi. Da can daga bakin kifin ruwa ke fitowa, yanzu an kashe. Hancin yaron ya gutsure. Hannunsa ɗaya ya tsage, kana hango sandar ƙarfen da ke riƙe da shi daga ciki, tsatsarta ta zubo masa a ƙirji ta yi layi har cibiya.

'Yata ta nuna shi ta ce, "Mummy, look, baby!" da irin harshen yaran Manchester da ta kwaso a gidan wasa.

Na ce, "Ba baby ba ne, gunki ne. Kau da kai."

Ni ce ban kau da nawa ba. Wanda ya sassaƙa shi ya san jariri. Ya san ninkin da ke wuyan hannu, da yadda ciki ke turowa gaba, da yadda babban yatsan ƙafa ke rabuwa da sauran. Ba daga ka ya ƙirƙiro ba, wani yaro mai rai ya zauna ya kalla, ɗan wata mata. Idanun babu baƙi a ciki, fari fat, duk inda na matsa kamar ni suke bi.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Daga wurin aiki ne, suna neman ta karɓi aikin wata. Ta zauna a wani benci na ƙarfe mai ganyen inabi a jingina, tana faɗa da Turanci. Ni da yarinyar muka ƙara gaba. A jikin wani bango na ga rijiya, an ɗaure bakinta da dutse, an rufe da ragar ƙarfe mai kauri. A samanta wasu ƙarafa sun lanƙwasa sun haɗe kamar baka, ƙugiyar guga tana rataye, babu igiya. Bakin dutsen duk zane ne inda igiya ta ci, irin na rijiyar ƙofar gidanmu sak. Wannan ne abu na farko da na gane a wurin. Na sa yatsa a cikin zanen, na sunkuya na leƙa ta ragar. Sanyi ya bugo mini fuska. Can ƙasa wani abu ya ɗiga, ya sake ɗiga.

Da na ɗago babu yarinyar.

Ban san na yi ihu ko ban yi ba. Na tuna na fara duba ragar, ina jijjiga ta, alhali ko kyanwa ba za ta shige ba. Na ruga tafkin, babu. Na dawo. Sai na ga wata 'yar ƙofar ƙarfe iya gwiwa a cikin shinge, a buɗe kaɗan, ƙasanta ya nutse a laka don daɗewa. Bayanta wasu baƙaƙen bishiyoyi ne masu duhu, rassansu har ƙasa. Na sunkuya na shiga.

Tana nan zaune a kan wani ɗan dutse, tana cire ganye daga takalminta. Na fizgo ta na rungume har ta ce ina ji mata ciwo. Sai da numfashina ya dawo na ga abin da ta zauna a kai.

Duwatsu ne ƙanana a jere, layi biyu, an zagaye su da gajeren shingen ƙarfe mai kan mashi. Kowane bai wuce tsawon hannuna ba, sai ɗaya na ƙarshe da ya fi saura girma. Wasu a tsaye, wasu sun karkace, gansakuka ta rufe rabinsu. An sassaƙa rubutu a jiki. Ina iya haɗa baƙaƙen boko a hankali, sai na durƙusa na share ɗaya da tafin hannu. Suna ɗaya ne tak, gajere, babu sunan uba. A ƙasa shekarar zuwa da shekarar tafiya. Na lissafa da yatsu, 'yan shekaru ne. Na share na kusa da shi, shi ma haka. Na gaba bai ma kai su ba. A jikin wani na gane kalmar da ke nufin abin ƙauna, don tana jikin katin da ma'aikaciyar lafiya ta ba ni.

Na ce a raina, matar gidan nan wabi ta yi. Duk wannan dukiya, duk ƙofar nan da matakala da randuna, tana haihuwa suna komawa, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ta bari an kai su nesa ba. Ta ajiye su a bayan lambunta, inda za ta sauko da safe ta buɗe 'yar ƙofar nan. Na dubi ƙasan da ke bakin shingen, na ga kamar ya lotsa, na ce gwiwarta ce.

Tunda aka haife ni ban taɓa tsayawa a gaban kabari ba sai ranar. Ban san yadda ake yi ba. Na cire takalmi, na gyara mayafi. Na yi musu sallama kamar yadda na ji maza na cewa ana yi wa mutanen kabari. Na san ba addininmu ɗaya ba, amma na ce yara ne, ba su san komai ba. Na karanta abin da na iya. Daga nan na bi su ɗaya-ɗaya ina kwashe ganye, ina tsige ciyawa, ina goge rubutun da bakin zanena. Kukan da na riƙe tun hunturu ya zo, ban hana shi ba. 'Yata ta tsaya tana kallona, can ita ma ta fara tsige ciyawar tana tara mini.

A haka wata tsohuwar Baturiya ta same mu, tana turo baro, da safar hannu ta aikin lambu. Ta tsaya. Ta yi magana a hankali, na gane tana tambaya ko lafiya. Na nuna duwatsun, na ce mata yara, na haɗa hannuwa kamar mai rungumar jariri. Fuskarta ta canja. Sai ga Yaya ta kutso, tana haki.

"Ke! Ina kuka shiga? Na zagaye gidan nan kamar mahaukaciya. Ina takalminki?"

Tsohuwar ta ja ta gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga kafaɗar Yaya ta fara rawa. Ta toshe baki da hannu, dariyar ta ƙwace.

"Wayyo Allah cikina. Taso, taso, 'yar nan. Karnuka ne."

"Na'am?"

"Karnukan masu gidan ne. In kare ya mutu sai su binne shi nan, su sa masa dutse. Wancan babban na ƙarshe ma doki ne, in ji ta. Fatiha nawa kika yi musu?"

Na dubi hannuwana, duk ƙasa da gansakuka. Na dubi bakin zanena. Kare, da in ya lashi ƙwarya a gidanmu sai an wanke ta da ƙasa. Kunya ta rufe ni tun daga ƙafa, na rasa inda zan sa fuskata. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta cire safar hannunta ta miƙo mini wani farin ƙyalle, ta ce wani abu.

Yaya ta share hawayen dariya. "Ta ce ta gode, ta daɗe tana son ta gyara wurin ba ta samu hannu ba."

Na sa takalmina. Amma na kasa tafiya. Kunyar tana nan, sai wani abu ya taso daga ƙarƙashinta, mai zafi. Na ce, "Yaya, ku tambaye ta, tun yaushe suke nan?"

"Ta ce tun kafin a haifi kakarta."

"Kuma har yau an san inda kowanne yake."

Yaya ta dube ni. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta gaba ɗaya. Ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta kama hannuna, muka fito.

Muka shiga mota muka kama hanyar gari. Yarinyar ta yi barci a baya. A wata danja Yaya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Bai taɓa kai ki ba?"

"Ina?"

"Kin san inda nake nufi."

"Ai mata ba sa zuwa, Yaya."

"A gida ke nan. A gida ga uwarki, ga ƙannenki maza suna wucewa ta wurin kullum, kin san yana cikin dangi. Nan cikin wa yake?" Ta ja tsaki, ban san da wa take ba. "Na ji malamai sun rabu a kan zancen. Ni dai na ga mata suna zuwa, su yi addu'a su fito, ba kururuwa. Bari in kira shi, ni zai gaya wa mata ba sa zuwa."

"Don Allah ku bari. Ni zan tambaya."

"Ke? Ke da ko gishiri ba kya iya cewa ya sayo?"

"Zan tambaya."

Da muka koma Manchester na tarar ya fara ɗaure littattafansa a kwalaye. Ranar Asabar da hantsi yana zaune a ƙasa yana manna musu salatif, na kawo masa shayi na ajiye, ban koma kicin ba. Na zauna a bakin kujera.

"Malam."

"Na'am."

"Ina so ka kai ni wurin yaron."

Hannunsa ya tsaya. Bai ɗago ba. "Kin san ba a yi."

"Na riga na yi."

Sai ya ɗago. Na ba shi labari tun daga rijiyar, ban rage komai ba, har cire takalmin da sallamar. Na zaci zai yi dariya kamar yayarsa, ko ya yi faɗa. Gefen bakinsa ya motsa kaɗan da na zo kan dokin, daga nan ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Na durƙusa a gaban karnukan wasu na yi kukan ɗana. In muka hau jirgi ban gan shi ba, duk sanda na tuna shi wurin nan zan riƙa gani. Ba ni da wani wurin."

Ya ajiye salatif ɗin. Ya ce, "Sa wa yarinyar rigar ruwa."

Bas biyu muka hau, muka yi kudu, muka wuce unguwar Withington. Maƙabartar babba ce ƙwarai, ta Turawa ce a gaba, manyan duwatsu da gumaka masu fukafukai. Na sunkuyar da kai na bi bayansa. Ɓangaren Musulmi yana can ƙarshe, kusa da shinge. Abin da na lura shi ne bai tsaya ya duba hanya ba ko sau ɗaya. Inda hanya ta rabu ya san wadda zai bi. Inda ruwa ya kwanta ya san ta gefen da ake ratsewa, har ya juyo ya ce in taka nan, kada in taka can.

Layin jarirai ne a jikin shingen. Wasu an sa musu dutse, wasu fure na roba, wasu 'yar motar wasa da rana ta kashe wa launi. Ya tsaya a gaban wani ɗan tudu wanda bai fi matashin kai ba. Babu komai a kansa sai wani guntun ƙarfe da aka kafa, da lamba a jiki. Ciyawar da ke kewaye ta yi tsawo ta kwanta, amma tasa gajera ce, an daidaita ta.

"Wa ke yanke masa?"

"Nakan biyo in an sauko daga Juma'a."

"Kowace Juma'a?"

"Galibi."

Na zaci in na ji haka zan ji sanyi. Ban ji ba. Haushi ne ya zo mini, har na ji shi a haƙora. Duk watannin nan yana da inda yake zuwa ya zauna, ya dawo gida in zuba masa abinci, ni ina leƙen katangun mutane ta tagar bas.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaya ba. Na ɗauka in na tada zancen zan fama miki."

"Ni kuma na ɗauka ka manta."

Ya juya baya, yana kallon shinge. Na ga ya ciro hankici.

Na tambaye shi ta ina kan yake. Ya nuna. Na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta wannan gefen, na ɗora tafin hannuna. Ban yi kuka ba, kamar na ƙarar da shi a wancan wurin. Na yi sallama, na karanta abin da na iya. 'Yata ta zo ta tsuguna, ta tambaya ko nan ma kare ne. Na ce a'a, ƙaninki ne. Ta dubi tudun, ta dube ni, ta ce to yaushe zai fito. Ubanta ya ɗauke ta suka yi gaba.

Da ya dawo na ce ko za a sa masa dutse, ko ƙarami. Ya ce shi ya fi son a bar shi yadda ake barin namu, Wanda ya ba mu shi ya san inda yake. Ban yi gardama ba. Amma na sa ya maimaita mini hanya a dawowa, ina kallon kowace kwana, wane shago ne a bakin tasha, wace bishiya ce a inda ake juyawa. Sauran makonnin da suka rage mana, da ya fita uni sai in goya yarinyar ko in ja ta, mu hau bas. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Longsight ni kaɗai ba. Wata rana na tarar da wata mata 'yar Somaliya a tudu na uku daga namu. Ba mu da yare ɗaya. Ta matsa mini a kan ledar da ta shimfiɗa, muka zauna.

Da kaka muka taho. Yanzu shekaru sun wuce, na sake haihuwa, sun rayu. Yaya ta je sau ɗaya ta turo hoto, amma Birmingham da nisa, ga aiki, ga gwiwa ta fara damunta, ban sake roƙonta ba. A hoton guntun ƙarfen ya ɗan karkace, ciyawar ta kusa kai lambar. Ƙasar can ba ta bushewa. In damina ta sauka a nan, ruwa na dukan kwano, nakan tsaya da abin da ke hannuna in bi hanyar a zuciya, bas ta farko, bas ta biyu, babbar ƙofa, inda hanya ta rabu, inda ruwa ke kwanciya. Har yanzu ina kaiwa. Sai dai a bara na zo wata kwana na tsaya, na kasa tuna ko dama ake yi ko hagu. Na jira maigidana ya dawo daga makaranta na tambaye shi. Ya rufe ido, ya ce yana jin hagu ne.